Shanyewar jiki mako shida bayan fara maganin kanjamau: nazarin wani lamari

Wannan bayanin wani majinyaci ne da muka yi jinya a ɗakin maza na wani asibitin koyarwa a arewacin Najeriya. An sakaya sunansa da garinsu, an kuma cire duk abin da zai sa a gane shi. Na rubuta shi ne musamman domin ma'aikatan da ke raba maganin cutar kanjamau a ƙananan asibitoci, saboda su ake fara kai wa irin wannan mutum, kuma abin da suka yanke a ranar farko shi ke bin majinyaci har ƙarshen jinyarsa.

Yadda ciwon ya faro

Tela ne ɗan shekara 41, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ya yi wajen wata biyar yana ramewa, ga gudawa mai tafiya ta dawo, ga farin abu ya lulluɓe masa harshe da cikin kumatu. Ya sha maganin taifod na kemis har ya gaji kafin ya je babban asibitin garinsu, inda gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar HIV. Ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 sun sauka zuwa 48 a kowane maikrolita na jini, alhali lafiyayyen mutum kan samu tsakanin 500 da 1,500. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017, duk babban da adadinsa ya gaza 200 ana ɗaukar cutarsa ta yi nisa.

An yi masa abin da ya kamata kafin a ɗora shi kan magani. An duba jininsa ko akwai alamar kiriftokokus, ƙwayar cutar nan da ke haddasa sanƙarau ga masu raunin garkuwa, ba a samu ba. An gwada majinarsa da na'urar GeneXpert, an gwada fitsarinsa, an ɗauki hoton ƙirji, babu alamar tarin fuka. Ba shi da ciwon hanta nau'in B. Daga nan aka ba shi TLD, ƙwaya ɗaya kullum mai haɗin tenofobir da lamibudin da dolutegrabir, aka haɗa masa da Septrin, da isoniyazid na rigakafin tarin fuka tare da bitamin B6.

Wata na farko komai sai sambarka. Gudawa ta tsaya, ci ya buɗe, nauyinsa ya tashi daga kilo 52 zuwa 55, har ya koma shago. A mako na shida ne ya fara jin tafin ƙafarsa kamar kiyashi na bi, da wani ciwon baya da na cinyoyi mai hana barci. Bayan kwana biyu sai silifas ya riƙa zame masa bai sani ba, keken ɗinki ya gagara takawa. Rana ta huɗu ya kasa tasowa daga sujada sai da ya dafa bango. Rana ta biyar abin ya hau hannu, zare ya ƙi shiga allura, maɓallin riga ya gagara. Rana ta shida aka ɗauko shi a a-daidaita-sahu, mutum biyu na tallafe da shi, aka mayar da shi inda yake karɓar magani.

Jami'ar lafiyar da ta gan shi ta cancanci yabo. Da ya ce mata, "Sista, ƙafafun nan kamar ba nawa ba," abu mafi sauƙi shi ne ta ɗora laifin a kan isoniyazid, tunda yana taɓa jijiyoyi, ta ƙara masa bitamin ta sallame shi. Ta dakatar da isoniyazid ɗin, amma sai ta ɗauki ƙaramar gudumar roba ta ƙwanƙwasa masa gwiwa da agara, ƙafa ba ta zabura ba ko kaɗan. A ranar ta rubuta takardar turo shi, ta kuma rubuta a ƙasa cewa kada ya fasa shan TLD.

Abin da muka tarar

Hankalinsa garau, babu zazzaɓi, wuya bai sanƙare ba. A ma'aunin ƙarfin tsoka da ke tashi daga 0 zuwa 5, ƙafafunsa na kan 2, wato yana iya jan su a kan gado amma ba ya iya ɗaga su. Hannuwa na tsakanin 3 da 4. Raunin daidai yake dama da hagu. Zaburar gwiwa da ta agara sun ɓace, ta hannu ta yi rauni. Yana jin tsirar allura ko'ina, sai dai ta ɗan dusashe a yatsun ƙafa, kuma babu wani layi a ciki ko ƙirji da za a ce daga nan zuwa ƙasa ji ya ɗauke. Fitsari da bahaya yana riƙe su yadda ya saba.

Rauni mai hawa daga ƙafa zuwa sama cikin 'yan kwanaki, daidai a gefe biyu, tare da ɓacewar zabura, kamannin ciwon Guillain-Barré ke nan, wanda ake taƙaitawa da GBS. To amma mutumin da CD4 ɗinsa 48 ne mako shida da suka wuce, ba a yi masa saurin laƙaba suna. Akwai abubuwan da ke shigowa da wannan kama, wasunsu maganinsu daban ne ƙwarai.

Fotasiyam muka fara dubawa, domin shi ne mafi arha kuma shi ne ake gyarawa cikin sa'o'i. Tenofobir kan taɓa ƙananan magudanan ƙoda su riƙa zubar da fotasiyam da fosfet a fitsari, gudawa ma na zubar da shi, kuma idan ya yi ƙasa sosai mutum kan shanye warwas. Nasa 4.1 ne, lafiya lau. Aikin ƙoda daidai, babu sukari a fitsari, sukarin jini ma daidai.

Isoniyazid na lalata jijiyoyi, haka ita kanta ƙwayar HIV. Sai dai dukansu a hankali suke yi, cikin makonni ko watanni, da zafi da raɗaɗin tafin ƙafa, ba sa kwantar da mutum cikin kwana shida. Tsohon maganin HIV ɗin nan, istabudin, kuwa an san shi da jawo rauni mai hawa da sauri wanda ke kwaikwayon GBS, tare da taruwar sinadarin laktik a jini, har aka yi gargaɗi a kansa a Amurka a 2002. An daɗe da daina ba da shi, kuma majinyacinmu bai taɓa shan sa ba.

Laka ita ce ta gaba. Tarin fuka na ƙashin baya ba baƙo ba ne a asibitocinmu, kuma yana iya ɓuya har sai an fara maganin HIV ya bayyana. Rashin layin ɗaukewar ji da lafiyar mafitsara sun rage mana wannan zato, hoton MRI kuma bai nuna wani abu na danne lakar ba.

Wanda ya fi damunmu shi ne ƙwayar CMV, wani bairos da kan kwanta a jiki sai garkuwa ta yi rauni ya taso. Ga mai CD4 ƙasa da 50, takan kama saiwoyin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙarshen laka, ta shanye ƙafafu cikin kwanaki. Alamominta su ne riƙewar fitsari tun da wuri, mutuwar ji a mazaunai da matsematsi, da ruwan laka mai cike da fararen ƙwayoyin jini irin na ruɓa, sukarinsa kuma a ƙasa. Maganinta gansaiklobir ne, jinkiri kuma na barin mutum gurgu. Likitan ido ya leƙa bayan idonsa bai ga tabon CMV ba, amma ruwan laka ne kaɗai zai raba gardama.

A nan aka ɗan ja. Yayansa, wanda shi ne babba a gidan kuma shi ke biyan kuɗi, ya ce bai yarda ba. "Likita, mutumin da ƙafa ta riga ta tafi, a kuma ɗebe masa ruwan baya? Ai ƙarasa shi za a yi." Wannan tsoro ya yaɗu a cikin jama'a, kuma tushensa a fili yake: waɗanda ake ɗibar wa ruwan galibi masu sanƙarau ne da ciwo ya ci ƙarfinsu, idan suka rasu ko suka nakasa sai a ga laifin allura. Muka nuna masa inda allurar ke shiga, can ƙasa da inda laka ta ƙare, muka ce abin da za a ɗiba bai cika cokali ba kuma jiki na mayar da shi kafin gari ya waye. Majinyacin ne da kansa ya ce, "Yaya, ka bari a yi."

Ruwan ya fito garai-garai. Furotin giram 1.4 a lita, alhali bai kamata ya wuce 0.45 ba. Fararen ƙwayoyin jini 18, duk nau'in limfosait. Sukari daidai. Gwajin kiriftokokus, na tarin fuka, na tunjere da na CMV duk babu komai. Hawan furotin ba tare da yawan ƙwayoyi ba shi ne tambarin GBS tun 1916, lokacin da likitocin Faransa Georges Guillain da Jean-Alexandre Barré da André Strohl suka bayyana shi a jikin sojoji biyu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ga wanda ba shi da HIV, ƙwayoyin ba su cika wuce 10 ba, amma mai HIV kan ɗan ɗara haka ba tare da wata cuta ta daban ba. Idan sun haura 50 ne ake komawa baya a sake lale. Gwajin gudun saƙo a jijiya da aka yi daga baya ya nuna saƙon na tafiya a hankali a jijiyoyi da dama, alamar rigar jijiyar ce ta lalace.

Me ya haɗa shi da magani?

Jijiyar da ke kai saƙo daga laka zuwa tsoka tana da riga mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar robar da ke naɗe da wayar lantarki. A GBS garkuwar jikin mutum ce ke auka wa wannan riga, wani lokaci ma har zaren da ke ciki. Ciwon ba ya da yawa, mutum 1 zuwa 2 cikin 100,000 yake kamawa a shekara. Kusan biyu cikin uku na masu shi sun yi gudawa ko mura makonni kaɗan kafin nan. An fi fahimtar yadda ƙwayar Campylobacter jejuni ke jawo shi: fatarta na ɗauke da sinadarai masu kama da na jikin jijiya, sai makaman da jiki ya ƙera dominta su kasa bambancewa.

Alaƙar GBS da HIV tsohuwa ce. Wani bincike da aka buga daga Zimbabuwe a 1991 ya gano fiye da rabin masu GBS da aka gwada na ɗauke da ƙwayar. Amma abin da aka saba gani shi ne ya zo a farkon kamuwa, ko lokacin da CD4 ke da sauran yawa, saboda sai garkuwa na da ƙarfi take iya yin irin wannan ɓarna. Mai CD4 48 bai cika samun ƙarfin yin ta ba. Shi ya sa muka sake auna jininsa a mako na bakwai da fara magani. CD4 ya tashi zuwa 214, wato ya ninka fiye da sau huɗu. Yawan ƙwayar HIV a jini 180 kacal a mililita. Ba a auna ta ba kafin fara magani, domin a tsarin da ake bi sai an yi wata shida ake awon farko, amma mutumin da ya kai wannan mataki ba ya shan magani, dubbai masu yawa ake samu a jininsa.

Wannan shi ne yanayin da ake kira IRIS, kumburin farfaɗowar garkuwa. Martyn French da abokan aikinsa a birnin Perth na Ostireliya sun lura da shi tun 1992 ga masu shan maganin HIV na zidobudin kaɗai, ya kuma fito fili bayan 1996 da aka fara haɗa magunguna uku. Wani nazari da ya tattara bincike 54 a 2010 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin shida na masu fara magani kan gamu da wani nau'insa. Mafi yawansu faɗa ne da wata cuta da ke kwance a jiki, kamar tarin fuka, kiriftokokus ko CMV: garkuwa ta farka ta tarar da su, ta far musu da ƙarfin da ya wuce kima. Kaɗan ne ake samun ta juya kan naman jikin mai ita. A cikin waɗannan an fi sanin cutar Graves, mai sa tairoyid na wuya ya yi aiki fiye da ƙa'ida. GBS ya fi ta ƙaranci nesa ba kusa ba, rahotanni ɗai-ɗai ne a mujallun likitanci, irin wanda Piliero da abokan aikinsa suka buga daga Albany ta jihar New York a 2003.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi ya shafi yadda garkuwar ke dawowa ba a jere ba. Hawan CD4 na makonnin farko yawancinsa tsofaffin ƙwayoyi ne da suka maƙale a kaluluwa suke kwararowa cikin jini da zarar HIV ta lafa, kuma a fusace suke fitowa. Ƙwayoyin da aikinsu shi ne tsawatarwa da hana garkuwa taɓa jikin mai ita ba sa dawo da ƙarfinsu da wannan saurin. A wannan tsakani ake ɓarna. Sababbin ƙwayoyi kuwa sai bayan watanni suke fitowa, abin da ake ganin shi ya sa Graves kan makara, ta zo bayan shekara ɗaya ko biyu.

An yi fargabar dolutegrabir da danginsa za su ƙara yawan IRIS saboda saurin da suke murƙushe ƙwayar. Binciken REALITY da aka yi a Kenya da Malawi da Yuganda da Zimbabuwe a kan masu CD4 ƙasa da 100 ya ƙara wa wasu raltegrabir, ɗan gidan su dolutegrabir, bai kuma ga ƙaruwar IRIS ba.

Hukunci huɗu

Na farko numfashi. Abin da ke kashe mai GBS a kwanakin farko shi ne raunin ya iso tsokokin ƙirji da na haɗiya, kuma kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na buƙatar na'urar taimakon numfashi. Tarkon da ke nan shi ne ƙaramar na'urar da ake maƙala wa a yatsa takan ci gaba da nuna 97 ko 98 har sai mutum ya kusa gazawa. Wanda ya dogara da ita zai makara. Inda akwai abin auna iskar huhu, ƙasa da mililita 20 a kowane kilo na nauyin jiki alamar haɗari ce. Inda babu, sai a sa majinyaci ya ja numfashi ya cika ƙirji ya yi ta ƙirga a fili har iska ta ƙare. Muka sa ana yi masa haka duk bayan awa huɗu ana rubutawa. Ranar da ya zo ya kai 32. Rana ta takwas da fara ciwon ya tsaya a 24, kuma a ranar ne fuskarsa ta saki gefe biyu, ido ba ya rufuwa sosai, koko na zubowa ta gefen baki. Rana ta tara 17, ɗaga kai daga matashi ya zama aiki. Muka mayar da shi sashen kulawa ta musamman, aka sa masa robar abinci ta hanci don kada ya shaƙe. Bugun zuciyarsa da hawan jininsa suka riƙa hawa da sauka ba dalili, wanda shi ma aikin ciwon ne, domin yana taɓa jijiyoyin da ke sarrafa su. Ba a bin irin wannan hawan jini da magani mai dogon aiki, don yana iya faɗuwa warwas bayan awa ɗaya.

Na biyu shi ne TLD, kuma nan ne aka fi shan wuya. Matarsa kaɗai ta san abin da yake ɗauke da shi, bai kuma ba mu izinin gaya wa kowa ba. Yayan a zatonsa maganin ciwon ciki ne. Lissafinsa kuma ba na wauta ba ne: ƙaninsa na tafiya da ƙafarsa, aka ba shi ƙwaya, ya shanye. "Likita, don Allah a tsayar da ƙwayar nan. In ma jifa ne, a bar mu mu kai shi gida a yi na gida." Abin da muka iya gaya masa shi ne maganin na wani ciwo ne da ke buƙatar sha kullum, tsayar da shi ba zai dawo da ƙafa ba, kuma fita da shi daga asibiti a wannan mako na iya zama ajalinsa saboda numfashi. Rubutu da tofi muka ce a kawo nan, ba mu hana ba, in dai ba za a ɗura masa ta baki ba. Bai gamsu ba, ya dai haƙura. Bayan kwana biyu majinyacin ya sa aka kira shi, suka keɓe ya gaya masa da bakinsa. Daga ranar yayan bai sake tayar da maganar ba.

Dalilinmu na ci gaba da maganin shi ne GBS in ya taso sai ya yi tafiyarsa, cire abin da ya tayar da shi ba ya mayar da shi baya. Tsayarwa kuma na da farashi sananne. Binciken SMART na 2006 ya nuna masu katse magani sun fi kamuwa da cututtuka da mutuwa, ƙwayar na dawowa cikin makonni, kuma ranar da aka sake farawa garkuwar za ta sake irin wannan farkawa. Ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda ke da yawa a ƙasar nan, janye tenofobir da lamibudin na iya tayar da hantar ta yi mummunan kumburi. Ƙa'idojin jinya sun bar ƙofar dakatarwa ne kawai ga IRIS mai barazana ga rai da ya ƙi jin magani, kamar kumburin ƙwaƙwalwa. Aka riƙa daka ƙwayar ana zuba masa ta roba, ana raba lokacinta da maganin ƙarin jini da na gyambon ciki, saboda ƙarfe da kalsiyam da maganiziyam na hana dolutegrabir shiga jini.

Na uku sitiroyid, wato magungunan danne kumburi da garkuwa irin su firednisolon. Duk wanda ya saba da IRIS hannunsa kan tafi ga firednisolon, kuma da hujja, domin binciken da Graeme Meintjes ya jagoranta a Cape Town ya nuna amfaninsa a IRIS na tarin fuka. Amma a GBS gwaje-gwaje sun nuna sitiroyid ba ya taimakawa, na sha ma yana iya jinkirta warkewa. An yi muhawara a zagayen safe, wasu na cewa tunda farfaɗowar garkuwa ce ta jawo shi, a yi masa maganin IRIS. Ra'ayina, wanda shi aka bi, shi ne ciwon da ke gabanmu za mu yi wa magani da abin da aka tabbatar yana yi masa aiki. Mutumin da bai daɗe da barin CD4 48 ba, danne masa garkuwa da maganin da ba a tabbatar da amfaninsa ba caca ce.

Na huɗu shi ne maganin kansa. Biyu ne aka tabbatar, kuma ƙarfinsu ɗaya: tace ruwan jini da na'ura wajen sau biyar, ko ƙarin ruwan IVIG, wato makaman garkuwa da aka tattaro daga jinin dubban masu bayarwa, giram 0.4 a kowane kilo kullum har kwana biyar. An fi son a fara IVIG cikin mako biyu da fara rauni. Ga mai kilo 55, giram 22 ke nan a rana, 110 gaba ɗaya, kuɗinsa kuma miliyoyin naira. Shirin da ke ba da TLD kyauta bai ƙunshi wannan ba. Yayan ya jinginar da filinsa, 'yan ƙungiyar teloli suka yi karo-karo, aka fara a rana ta goma. An ba shi a hankali da isasshen ruwa ana bibiyar ƙoda, don IVIG da tenofobir duka suna iya taɓa ta. Mafi yawan iyalai ba za su iya wannan ba, shi ya sa gwajin da aka yi a Bangaladash, aka buga a 2018, na tace ruwan jini kaɗan-kaɗan da jakar ƙarin jini ba tare da na'ura ba, ya cancanci likitocinmu su sa masa ido, ko da yake mutum 20 kawai aka yi wa.

Yadda ta kaya

Raunin ya tsaya a rana ta 13. Ƙirgen numfashinsa bai sauka ƙasa da 14 ba, ba a kai ga sa masa na'ura ba. Ya yi kusan mako biyu ba gaba ba baya. A wannan lokaci aikin na ma'aikatan jinya ne da matarsa: juya shi duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya, allurar hana daskarewar jini a ƙafa, ɗigon ido da rufe shi da dare, gabafentin don raɗaɗin jijiya, da masu gashi da ke lanƙwasa masa gaɓoɓi kullum don kada su sandare. Fuska ce ta fara dawowa, sai haɗiya, sai hannu, ƙafa ce ƙarshe.

Mun sa ido ko zai sake komawa baya. Wajen mutum ɗaya cikin goma kan ɗan sake rauni bayan IVIG ya fita daga jiki. Idan kuma raunin ya ci gaba da ƙaruwa bayan mako takwas, ko ya dawo har sau uku, to ya zama ɗan'uwansa mai daɗewa da ake kira CIDP, wanda shi kam sitiroyid na yi masa aiki. Bai koma ba. An sallame shi a keken guragu bayan mako shida. A wata na uku yana tafiya da sanda, a na shida ya ajiye ta, kamar yadda kusan kashi 80 cikin 100 na masu GBS ke yi. Yatsun ƙafarsa ba su gama dawowa ba, kuma yana saurin gajiya. CD4 ɗinsa a lokacin 290, ƙwayar HIV kuma ba a iya ganinta a gwaji.

Shin farfaɗowar garkuwa ce ta jawo masa? Babu gwajin jini ko na ruwan laka da ke tabbatar da IRIS, hukunci ne da ake yankewa bayan an kore sauran. Abin da ke goyon bayansa: lokacin ya dace, CD4 ya yi tsalle, ƙwayar ta faɗi, ba a samu wata cuta ba, kuma GBS ba ya yawan zuwa ga mai garkuwa ƙasa haka sai in wani abu ya motsa ta. Abin da ke ja da shi: mutumin ya yi watanni yana gudawa, mai yiwuwa Campylobacter ta bi ta cikinsa, ko da yake gudawar ta tsaya fiye da wata guda kafin raunin. Ni na fi karkata ga cewa biyun sun haɗu, wato abin da zai tayar da faɗan ya daɗe a jiki, ƙarfin yin sa ne bai samu ba sai da magani ya kama. A takardar sallama mun rubuta GBS mai yiwuwar alaƙa da IRIS, muka cike fom ɗin rahoton illar magani na NAFDAC.

Isoniyazid ba mu mayar masa ba sai bayan wata shida, da cikakken bitamin B6, bayan an sake tantance shi ba shi da tarin fuka. A katinsa na asibitin garinsu an rubuta abu biyu domin duk wanda zai gan shi nan gaba: in rauni ko dusashewar ji ya dawo a turo shi a ranar, in kuma ya fara rama alhali yana cin abinci, da faɗuwar gaba da rawar hannu da yawan gumi, ko da bayan shekara biyu ne, a auna masa tairoyid kafin a ce maganin ne ya daina aiki.